Wai a Kakuri ake ƙera bindiga?

Na san kuna nan. Ku ne in aka ce Najeriya ta ƙera wani abu sai ku taɓe baki ku ce, "Mu da ko tsinken sakace daga waje ake kawo mana?" To, yau da ku nake. Ku gyara zama, kuma kada wanda ya tashi sai na kai aya.

Abin da ya jawo maganar, kwanan baya ina zaune a teburin mai shayi a Makera, hira ta yi hira har na ce a nan bayanmu, a Kakuri, akwai masana'antar da ta haura shekara sittin tana harkar bindiga da harsashi. Wani dattijo da ya yi aikin masaƙa tare da mahaifina ya dire kofinsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nake wuce ƙofar nan a kan keke. Ban taɓa ganin an fito da ko baushe ba."

Na ce, "Baba, ai ba gyaɗa ba ce da za a ɗoro ta a faranti ana talla."

Aka yi dariya, amma bai yarda ba. Na tabbata ku ma da kuna wurin bayansa za ku bi.

Ga yadda abin yake. A 1964 majalisa ta yi dokar kafa hukumar ƙera makamai ta ƙasa, wadda kowa ya sani da DICON, aka ɗauko kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina masana'antar a Kakuri. An tsara ta ne ta riƙa fitar da bindiga 5,000 samfurin BM59 a shekara, da harsashi miliyan 12 na irin wannan bindiga, ban da ƙaramar mai sarrafa kanta da ake kira M12. Duka biyun zanen kamfanin Beretta ne na Italiya. Shekara uku bayan nan yaƙin basasa ya ɓarke, injuna suka yi ta aiki ba dare ba rana har 1970.

Na ga wani ya ɗaga hannu daga baya. Na san abin da za ka ce, Malam, kujeru. Ƙwarai kuwa, ba zan ɓoye ba. Da yaƙi ya ƙare ciniki ya tsaya, Bajamushen ya tattara nasa ya nasa a farkon shekarun 1970, masana'antar bindiga ta koma yin kujeru da tebura da famfon burtsatse don ta iya biyan albashi. Ku yi dariyarku, na ba ku minti ɗaya. Ni ma na yi tawa tun tuni. Sai dai in kun gama ku tuna cewa maƙwabtanta da ke saƙa atamfa, su KTL da aka buɗe a 1957 da Arewa Textiles da sauransu, yau ciyawa ce da ƙadangaru a harabarsu. Ina yaro, in jiniyar tashi daga aiki ta kaɗa, titin Kakuri sai ya cika maƙil da kekuna, har ba ka iya tsallakawa sai ka riƙe hannun babba. Waɗancan sun mutu, mai kujeru tana nan da ranta.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren naku, masu shakka ta wata fuskar. Su cewa suke yi, "Wace wahala ce a bindiga? Maƙerin garinmu in ka ba shi bututun ƙarfe da kwana uku zai haɗa maka AK." Ku ma ku matso.

Kawuna mafarauci ne, yana da adaka. Na sha tsugunawa ina kallon yadda yake ɗura ta. Zai zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma, ya ɗauko sandar ƙarfe ya yi ta dannawa, ya zuba ƙananan ƙarafa, ya sake tura tsumma. Kafin ya gama, zomon da ya hango ya isa gida ya ba iyalinsa labari. In ya harba kuwa, hayaƙi ya turnuƙe, kafaɗa ta yi tsami, kunne ya yi ta ƙugi har la'asar. Wanda ya raɗa mata harba-ka-ruga ya san abin da ya gani. Maƙerin da ya yi ta gwani ne, ban raina shi ba. Amma guda ɗaya ya yi, kuma in kunamarta ta karye, shi kaɗai ne a duniya zai iya yi mata wata. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bindigar da sojan zamani ke rataye da ita daga lissafi aka faro ta. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, soja na riƙe da doguwar bindiga mai ƙaton harsashi da ke iya kai kilomita guda. Da aka duba yadda ake artabu a zahiri, sai aka ga galibi tsakanin mutum da abokin gabarsa bai wuce mita 300 ba. Wato ana ɗora wa soja nauyin da ba ya amfana da shi, kamar wanda zai je Sabon Tasha daga Barnawa ya ɗauko guzurin Makka. Jamusawa suka rage tsawon kwanson harsashinsu daga milimita 57 zuwa 33. Da harsashi ya gajarta, bugun da yake yi wa kafaɗa ya ragu, sai ya zamana mutum zai iya sakin wuta a jere ba tare da bakin bindiga ya tashi sama yana harbin tsuntsaye ba. Abin da ya fito daga nan shi ne StG 44 ta 1944, kakar duk waɗannan da kuke gani a shingen bincike.

Sai Mikhail Kalashnikov, sajan mai tankar yaƙi da aka ji wa rauni a 1941. Tasa, wato AK, ta fito a 1947, rundunar Sobiyet ta karɓe ta a 1949, da harsashi mai kaurin milimita 7.62 da kwanso mai tsawon 39. Dabarar cikinta ba ta da sarƙaƙiya. In albarushi ya kama, wani kaso na iskar da ke tura harsashi yana bi ta wata 'yar ƙofa a saman bututun, ya tunkuɗa sandar ƙarfe baya, ta fizgo kwanson da ya ƙone ta yar, sifirin ya dawo da ita gaba ta kwaso sabon harsashi. Aikin da kawuna ke yi da tsumma da gumi, ita da hayaƙinta take yi, kusan sau 600 a minti. Ku yi lissafin da kanku: gidan harsashinta 30 yake ci, wato daƙiƙa uku ya ƙare. Jarumin fim ɗin nan naku da ke harbi tun daga farkon waƙa har ƙarshenta bai sauya gida ba, ku gaishe shi.

Abin da ya sa ta yi suna kuwa, sassan cikinta an bar musu sarari, ba a matse su ba. Kamar babbar riga ce, in ƙura ta shiga tana da wurin zama. Shi ya sa take aiki cikin yashi da taɓo, a hannun wanda bai taɓa shafa mata mai ba. Har a tutar Mozambik an zana ta.

Yanzu ga inda nake so masu maƙerin gari su buɗe kunne. Ita kanta Tarayyar Sobiyet, mai tankoki dubbai, da ta zo yin gangar jikin AK da fallen ƙarfe da inji ke lanƙwasawa, abin ya gagare ta. Da yawa daga waɗanda aka fara yi sai an zubar. Dole ta koma sassaƙa kowace ɗaya daga curin ƙarfe, aiki mai cin lokaci da kuɗi, bindigar kuma ta ƙara nauyi. Sai a 1959, da samfurin AKM, ta shawo kan matsalar. Shekara goma ke nan, a hannun mutanen da a tsakanin nan suka harba tauraron ɗan Adam na farko sararin samaniya. Zane yana hannunsu tun farko. Abin da ya ba su wuya shi ne su yi dubu ɗari, kowace sak da 'yar'uwarta, yadda in kunamar ta soja a Maiduguri ta karye za a ciro ta wata a Legas a saka ta zauna daram. Maƙerin garinku, Allah ya ƙara masa basira, ko guda biyu ya yi sai ka gane wa da ƙane.

Kada kuma ku ce ai Turawan Yamma ba sa irin wannan tuntuɓe. Amurka ta fito da M16, zanen Eugene Stoner, da alminiyom da roba, da ɗan siririn harsashi mai milimita 5.56 don soja ya ɗauki da yawa. Aka kai ta Biyetnam, aka sauya irin albarushin da aka tsara ta da shi, aka raba wa sojoji ba isassun kayan goge ta. Ta riƙa cijewa ana tsakiyar wuta, har majalisar dokokinsu ta kafa kwamitin bincike a 1967. Ingila kuwa, uwargijiyarmu ta da, ta fito da SA80 a 1985, sojojinta suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru, daga ƙarshe sai kamfanin Heckler & Koch na Jamus aka kai wa ya gyara. Da a Kakuri aka yi wannan, da har yau kuna ba jikokinku labari.

Mu dawo gida. A ƙarshen shekarun 1970 Najeriya ta sayi izinin ƙera FAL ta Beljiyam, aka sa mata suna NR1. An yi G3 ta Jamus. A zamanin Obasanjo aka fito da tamu AK ɗin, aka raɗa mata OBJ-006, don mu ba ma barin jariri ba suna, kuma sunan mai gida ake sawa. A 2018 aka sa hannu da kamfanin makamai na gwamnatin Foland kan ƙera Beryl M762, wadda ita ma jikar AK ce. A 2019 Buhari ya ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu a nan Kaduna, a 2023 kuma Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON da ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su shigo.

"Ka gani ko? Duk kwafi ne. Na Italiya, na Beljiyam, na Jamus, na Rasha. Ina namu?"

Sannu, Alhaji, sha ruwa. Sin ta kwafi AK tun 1956 ba ta ji kunya ba. Galil ta Isra'ila daga zuriyar AK ta fito, Afirka ta Kudu kuma ta kwafi Galil ta kira ta R4. A wannan sana'a kowa satar amsa yake yi, kuma malamin ya sani. Ni da za ku tambaye ni guda nawa Kakuri ta fitar, da kun kama ni, don a nan ne gaskiyarku take. Bayan shekara sittin, sojanmu har yanzu da bindigar waje ya fi dogara. Dalilin kuwa ba sai an je wurin boka ba. Bututun bindiga na son ƙarfe na musamman da zai jure zafi da matsi, kwanson harsashi na son tagulla, inji na son wutar da ba ta ɗaukewa, masana'anta kuma na son mai saye da zai yi oda bana ya sake yi baɗi. Mutanen da suka ba duniya AK su ne suka zo gina mana kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun wajen 1979, kuma har yau babbar tukunyarsa ba ta narka ƙarfe ba. Ga kuma masu sayo makamai daga waje, waɗanda ba lalle su yi murna da ranar da Kakuri za ta tsaya da ƙafarta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai Boko Haram ta taso muka tuna inda muka ajiye goran.

A nan zan ɗan sauke murya, don akwai abin da ba na wasa ba. Mutumin Kaduna ba ya buƙatar a kwatanta masa ƙarar AK. Wanda ya bi hanyar Birnin Gwari ya san ta, haka wanda ke da ɗan'uwa a jirgin ƙasan da aka tare ran 28 ga Maris, 2022. Wannan sararin da aka bar wa sassanta, wanda na yaba ɗazu, shi ne ya sa wadda aka ƙera kafin a haifi mai riƙe da ita take ci gaba da aiki a daji, ta ratso Sahara bayan rushewar Libiya a 2011 ba ta ko yi tari ba. Shi ya sa nake damuwa da inda ake ƙera ta sojanmu, da lambar da ke jikinta, da wanda ke riƙe da littafin lissafinta.

Duk wannan na zayyana wa dattijon nan a Makera, har shayina ya huce, mai shayi ya tsaya da wuƙa a kan burodi yana saurare. Da na kai ƙarshe Baba ya yi shiru, ya shafa gemu, na ce a raina yau kam na ci gari.

"To ɗana, na ji. Amma kujerun nan da ka ce suna yi, har yanzu ana samu?"

Na ce ban sani ba, Baba, me ya faru?

"In masu yin bindiga ne suka yi su, ai za su yi ƙwari. Ta ɗakina ƙafa uku gare ta." Ya miƙe ya kama kekensa, ya waiwayo ya ce wa mai shayi, "Kuɗin nawa yana wurin Malamin bindiga."