Madalla da Masu Aron Bikini

Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙauyukan Gwaram ya san zaman tsibiri ba sai an ba shi labari ba. Rafi ya cika, hanya ta yanke, ku wayi gari daga ku sai Allah. To, a ɗauki irin wannan zama a kai shi tsakiyar tekun Pasifik, a ce ruwan ba ya janyewa har abada, an sami Bikini ke nan, ɗaya daga cikin tsibiran Marshall. A farkon 1946 mutum 167 ne a can, da itatuwan kwakwarsu, da kwale-kwalensu, da kaburburan kakanninsu, da sarkinsu mai suna Juda. Su nake taya murna yau, don ban san wasu talakawa da aka yi wa ladabi irin wanda Amurka ta yi musu a waccan shekarar ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda Nasara ke neman abu a ƙasar Birnin Kudu a wancan zamani. Razdan ya yi magana a Kano, ta gangaro wa hakimi, hakimi ya tura wa dagaci, dagaci ya tura wa mai unguwa, kafin ta iso ƙofar talaka ta riƙiɗe ta zama dogari da bulala. Ba a taɓa tsugunawa gaban Bafulatani an tambaye shi ko yana da sha'awar biyan jangali ba.

Amma dubi Amurkawa, 'ya'yan manyan mutane. Wata Lahadi cikin Fabrairu, hafsan sojan ruwa Ben Wyatt, wanda ke mulkin tsibiran, ya taka da ƙafarsa har Bikini. Bai katse wa kowa ibada ba, sai da aka taso daga coci. Sannan ya roƙi a ba su aron garin na ɗan lokaci, za su gwada wani sabon bam domin amfanin 'yan Adam, kuma don a daina yaƙi a duniya. Har ya kwatanta su da Bani Isra'ila da za a kai ƙasar alkawari. Wace karramawa ta fi wannan? Gaskiya ne Shugaba Truman ya riga ya amince da gwajin tun cikin Janairu, kuma mutanen sun ga yadda aka yi da Jafanawa a tsibiran nan a 1944. Wannan ma ai ƙarin kirki ne, mutum ya riga ya ɗauki abu amma ya dawo yana sallama. Juda ya amsa da cewa komai na hannun Allah. Mu nan mun san abin da talaka ke nufi idan ya faɗa wa mai doki haka, amma Amurkawa masu kyakkyawan zato ne, suka rubuta cewa an yarda. Don kada wannan alheri ya ɓace, suka kawo masu ɗaukar fim, aka sa mutanen suka yi ta maimaita yardar har sai da hoto ya fito da kyau.

Ran 7 ga Maris aka kwashe su a jirgin soja, kyauta, ba kuɗin mota, aka sauke su a Rongerik, kilomita wajen 200 gabas. Wuri ne tsit, babu maƙwabcin da zai dame su, domin kakanninsu sun ƙi zama a can, suna cewa akwai aljana, kuma kifin wurin da yawa guba ne. Faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin shida na Bikini ba, ka ga an rage musu wahalar shara. Aka bar musu abincin 'yan makonni, don kada su sangarce.

Da masu gida suka ba da wuri, sai biki ya kankama, kamar dai an raɗa wa tsibirin suna da Hausa. 'Yan gayya kimanin 42,000 suka hallara. Aka jera jiragen yaƙi fiye da 90 a tafkin da mutanen ke su, aka zuba musu awaki 204, aladu 200 da ɓeraye 5,000, a ga yadda wuta za ta yi da su. Ni da na san yadda ake tashi baram-baram a kasuwar Sara kan cinikin akuya ɗaya, dole in sara wa mai ƙona garke guda don neman ilimi. Ran 1 ga Yuli aka saki bam na farko daga sama, ya kauce wa jirgin da aka auna da fiye da rabin kilomita, abin da ke nuna hikimar kwashe mutanen tun da wuri. Ran 25 ga wata aka tayar da na biyu a ƙarƙashin ruwa, zurfin mita 27. Teku ta miƙe tsaye, ta dawo ta wanke jiragen da gubar nukiliya. Masu tsabta ne, nan da nan aka ba samarin soja buroshi da sabulu su goge ta. Da ta ƙi fita, aka soke gwaji na uku.

Sauran duniya ma ba ta yi rowar taya murna ba. Kwana huɗu bayan bam na farko, wani Bafaranshe, Louis Réard, ya fito da 'yan ƙyallen wankan mata a Faris, ya sa musu suna bikini. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, in ji masu hassada. Ni kuwa cewa na yi an ɗaukaka garin, yau har wanda bai san akwai mutanen ba ya san sunan. A Nuwamba kuma, a Washington, jagoran gwajin, Admiral Blandy, da uwargidansa suka yanka kek mai siffar hayaƙin bam, ana murmushi ana ɗaukar hoto. Ba a aika da yanki Rongerik ba, tunda zaƙi ba shi da kyau ga cikin da ya daɗe babu komai.

A farkon 1948 wani masani, Leonard Mason, ya je can ya tarar yunwa na neman gamawa da mutanen. Ba a yi ƙasa a gwiwa ba, aka mai da su tantuna a gefen filin jirgin Kwajalein, daga nan zuwa tsibirin Kili, inda babu tafkin su ko ɗaya. Masu aro suka ci gaba da riƙe amana har gwaji 23 zuwa 1958. Daga baya aka ce gida ya gyaru, wasu suka koma, a 1978 aka auna jikinsu aka ga gubar, aka sake kwashe su. Ɗan lokacin nan dai har yau bai cika ba, kuma ba mutunci ba ne a riƙa yi wa babban mutum tuni.

Kada a ce ba wanda ya amfana. Akwai wata alada mai lamba 311, wadda aka ce an tsamo tana iyo bayan bam na farko. Ita kam an kai ta gidan namun daji na Washinton, da ɗakinta da mai ba ta abinci safe da yamma, har ta mutu a 1950.