Sabuwar Dabara Mai Furfura

Masu zanen gine-gine na zamani suna ta tallata wata "sabuwar" dabara: a tsara gida yadda rana za ta ɗumama shi da hunturu, inuwa ta sanyaya shi da bazara, ba lantarki. Sabuwar nan ta haura shekara 2,400. Tun zamanin Sokratis Girkawa suke juya fuskar gida kudu, don ranar hunturu mai tafiya ƙasa-ƙasa ta leƙo har ɗaki, ta bazara kuwa ta tsaya kan rufi. Maginan Kano ma ba su jira digiri ba. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafi a hankali, sai dare ta sake shi, lokacin mai gida ya riga ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Za a ce ginin ƙasa sai da yaɓe kafin kowace damina. Gaskiya ne. Amma yaɓe shekara-shekara ake yi, janareta kuwa kullum bakinsa a buɗe yake, kuma da an ɗauke wuta mai gidan bulo da kwano ya koma fifita da kwali. Kafin ka rushe soron kakanka, fara tambayar kuɗin litar fetur.