Mota Ta Fita, Mutum Ya Shiga

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, motoci suka fara barin gidaje da sanɗa. Ka zaga unguwannin Kano ko Kaduna, za ka ga garejin da aka toshe rabin ƙofarsa da bulo, aka rataya labule. Masu wannan aiki kuwa, kowa da halinsa.

Akwai Alhaji Tana-Gareji. Ya sayar da motar tun bara, amma duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ai tana gareji," ya bar ka ka ɗauka wajen bakanike yake nufi. Bai yi ƙarya ba: kuɗinta ne kwance a garejin, sun zama siminti da tayil da silin. Bai yarda an cire ƙofar ƙarfen ba, wai ko abubuwa za su daidaita, kuma har yau makullin safaya na motar yana aljihunsa, yana kaɗa shi a wajen ɗaurin aure.

Sai mai ɗakin baƙi. Wannan da murya ƙasa-ƙasa yake ce wa uwargida, "Hajiya, kin ga idan 'yan uwa sun zo daga ƙauye ba mu da wajen saukarsu." Ita kuma tana kallo aka kafa banɗaki, aka shafa fenti ruwan hoda, aka sa fanka sabuwa fil, alhali tata tana kuka tun shekara uku. Ranar da wasu mata suka zo da awo suna gwada inda gado zai zauna, ta gane irin baƙon. Cewa kawai ta yi, "Allah Ya sa ta iya ribas, don wajen da ƙunci."

Wanda ya fi ban tausayi shi ne injiniyan kansa. Birkila ya ce masa, "Maigida, a ɗaga daɓen nan ya fi titi tsayi, a fasa taga biyu masu kallon juna, a kankare baƙin man nan kafin a shimfiɗa komai." Shi kuwa ya ce, "Malam, yi abin da na sa ka." Ya manta mota aka gina wa wurin, ita kuwa ba ta numfashi, ba ta gumi, ba ta kuka da sauro. A watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, ƙofar ƙarfe ta zama tanda, shi ya zama waina. A watan Agusta ya farka ya tarar da silifas ɗinsa na iyo a gindin gado. Araha dai ba ta ado.

Ga mai haya, wanda ya raba garejin biyu da falanki ya sa masa suna ciki da falo. Dillali na yi wa ɗan haya kirari, "Ga ka ga titi!" Abin da bai faɗa ba, janaretan maigida na jingine da bangon da za ka sa kai. Nan kam wasa ya ƙare, don hayaƙin janareta a ɗaki marar taga yana kashe mutum cikin barci.

Uban samari shi hutu ya nema. Ya kwashe 'yan mazan ya zuba a gareji, ya ce sun girma, ga shagonsu. Bai lura ƙofar waje take kallo ba. Kafin wata guda wurin ya zama gidan kallon ƙwallo da majalisar shayi, shi da ya gudu daga hayaniyar yara uku yanzu da ihun magoya bayan Arsenal ashirin yake barci.

Hajiya Kar-a-Zubar kuwa ba ta hana gyara ba, tarkacen ne ba a taɓawa: tsohon keken ɗinki, firijin da ya mutu tun zamanin NEPA, kwallaye da samirun aurenta. An gama gyara tsaf, aka mayar da komai ciki. Yanzu kayan na zaune a kan tayil, ƙarƙashin fanka, jikoki na kwana a falo.

Na ƙarshe wani dattijo ne da bai sayi ko buhun siminti ɗaya ba. Ya sa aka share wurin, ya shimfiɗa tabarma da buzu, ya ajiye buta da randa, ya wangale ƙofa. Da safe yara na karatun allo, da yamma abokai na cin tuwo tare, baƙo ya yi sallama ya tsaya nan ba sai ya ratsa cikin gida ba. Da aka yaba masa dabara, dariya ya yi. Ya ce a gidan mahaifinsa zaure ake kiran wannan wuri, kuma shi da kansa ya rushe nasa don mota ta sami wajen kwana.