Masu Sayen Jitar Farko, Kala-Kala

Akwai wani benci a ƙofar shagon abokina mai sayar da kayan kiɗa a Sabon Gari, nan Kano, kuma a kansa nake kashe yammacin Asabar. Yawancin cinikinsa da majami'u da masu ɗakin ɗaukar waƙa yake yi, su kuwa sun san abin da suka zo nema, su taya, a ce albarka, su ƙara, a sallama. Ba su da daɗin kallo. Masu zuwa sayen jitarsu ta farko su ne abincina. Tun daga yadda mutum ya ɗaga kai yana duban waɗanda aka rataye a bango nake gane layin da zan sa shi.

Alhaji Kawo-mai-tsada ba ya ƙarasa sallama sai ya jefa tambaya: "Wacce ta fi kuɗi a nan?" Ya san sunan Fender da Gibson kamar yadda ya san Marsandi, wato ya ji manya na faɗa. Mai shago, da yake mutum ne mai tsoron Allah, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga mai koyo akwai ƙannensu. Fender na da Squier, Gibson na da Epiphone, duk gida ɗaya ne, kuɗin ne kawai da sauƙi." Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Ƙanwa kuma? Ni uwar nake so." Haka za a kai masa ita mota, ta je ta samu ƙusa a falo kusa da agogon bango. Abin da ba ya tsayawa ya ji shi ne, jita mai tsada da tsagwaron katako ake yin fuskarta, shi kuwa katako yana son iska mai ɗan laima, kamar kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Hunturun Kano bai san wannan lissafi ba. Yadda yake tsaga leɓe da diddige, haka yake tsaga jita. Mai araha da aka yi da falle-fallen katako a manne ta fi jure wahalarmu. Kafin azumi ya zagayo za ka ga direban Alhaji ya dawo da ita a kafaɗa, da tsaga tun daga baki har gindi, ba a taɓa fitar da ko amo ɗaya daga cikinta ba.

Kishiyarsa shi ne Malam Araha, kuma a kansa zan daɗe, don shi ne ya fi ba ni tausayi. Hujjarsa mai kyau ce a baki: "To ai koyo zan yi, me zai sa in kashe kuɗi?" Sai ya zagaya bayan kasuwa ya samo 'yar gwanjo wadda wuyanta ya lanƙwashe kamar bakan maharbi. Nan duk sirrin yake. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da aka gindaya, su ake danna tsirkiya a bayansu. Idan ka ƙirga zuwa ƙarfe na 12, tazarar da ke tsakaninsa da tsirkiya bai kamata ta wuce milimita biyu zuwa uku ba, kamar kaurin tsinken ashana ko sama da haka kaɗan. Ta Malam Araha kuwa, ƙaramin yatsa yana wucewa ta ƙarƙashi ba tare da ya gaisa da kowa ba. Ko gwani aka miƙa wa ita sai ya yi gumi. Shi da bai sani ba, sai ya yi mako guda yana kokawa da waya, yatsu su yi jawur, amon da ke fita kamar ana taka wutsiyar kyanwa. A rana ta takwas ya jingine ta a bayan ƙofa, ya yanke hukunci da muryar dattako: "Kiɗa gado ne, mu ba mu gada ba." Alhali hannunsa lafiya lau, katakon ne ya cuce shi.

Wani daga cikin wannan zuri'a ya ƙara wa abin gishiri. Tasa irin mai tsirkiyar roba ce, wadda ake kira nailan. Da guda ta tsinke, sai ya ce ai waya ta fi ƙarko, ya sayo shida na ƙarfe ya ɗaura. Tsirkiyoyin roba shida suna jan jita da nauyin wajen kilo 40, na ƙarfe kuwa sukan kai kilo 70. Cikin dare jakin da ke riƙe da su ya ɓalle da wata irin ƙara, ya tashi gida kaf, har maƙwabci ya fito da tocila da taɓarya.

Ɗan Hoto ba ya ɗaukar lokaci. Launi yake saye. Zai rungumi ja, ya miƙa wa yaron shago waya ya ce, "Ɗauke ni ta nan gefen." Ko a juye ya riƙe ta bai damu ba, tunda TikTok ba ya tambaya.

Sai Farfesa. Shekara biyu ke nan yana zuwa, bai sayi ko tsirkiya ba. Ya gama da YouTube kaf. Zai gaya maka wuyan mai roba ya kai milimita 52 a faɗi, na mai waya wajen 43, kuma gaskiya ya faɗa. Ya san Stratocaster ta fito a 1954, Les Paul a 1952. Zai ƙwanƙwasa cikin jita da gaɓar yatsa, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana, ya girgiza kai ya ce, "Wannan katakon bai gama bushewa ba." Ka ce masa, "Farfesa, ɗan taɓa mana ko kaɗan mu ji," sai ya tuna yana da ɗaurin aure. Na taɓa leƙa yatsunsa na hagu: sumul, kamar na jariri. Duk wanda ya yi wata guda yana danna waya, kan yatsunsa sai ya yi kanta.

Ɗan Agadas shi ma ina sonsa. Bai taɓa wuce Daura ba, amma ya ga Bombino da Mdou Moctar a waya suna barin wuta da jitar lantarki, daga ranar ya fara naɗa rawani. Zai zube duk abin da ya tara a kan jitar, ya kai gida, ya ja tsirkiya, ya ji wani ɗan siririn sauti kamar kukan sauro. Washegari ya dawo a fusace wai an sayar masa da kurma. Sai a zaunar da shi a yi masa bayani cewa ita wannan ba ta da ciki, sai an haɗa ta da akwatin ƙara sauti, akwatin na son igiya, igiyar na son wuta, wutar kuma kowa ya san halinta. Da zai tambaye ni, da na gaya masa cewa Mdou Moctar ɗin da yake kwaikwayo, jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne ma, kamar Jimi Hendrix wanda ya riƙa juya jitar 'yan dama yana sake jera tsirkiyoyinta. Wannan ya tuna mini da bahagwai: sau da yawa sai an gama ciniki an biya kuɗi, sannan mutum ya rungume ta ta ɗaya gefen, kowa ya yi tsuru-tsuru. Don Allah bahago ya riƙa faɗa tun daga ƙofa.

Baba Zai-girma yana zuwa riƙe da hannun ɗansa ɗan shekara bakwai. Ana yin jita rabi, ana yin kashi uku cikin huɗu, daidai jikin yara. Mai shago ya sauko da ƙarama, Baba ya ce, "A'a, ba shi babbar, zai girma ya same ta." Dabarar ɗinkin rigar sallah ke nan. Sai dai riga ana naɗe hannunta, jita kuwa ba ta naɗuwa. Yaro ya zauna a bayanta, ba ka ganin komai sai hula da tafin ƙafa.

Ɗan rakiya ba shi zai saya ba, amma shi ke magana. Kiɗa ɗaya tak ya iya, shi ma rabinsa, kuma sai ya gwada shi a kan kowace jita da ke shagon, yana lumshe ido. Mai kuɗin yana tsaye kamar baƙo, har a gama ciniki hannunsa bai taɓa abin da ya biya ba. Wani lokaci idan an fita, ɗan rakiyar yakan dawo shi kaɗai wai ya manta makulli, ya tsaya yana sosa ƙeya. La'ada yake jira.

Na Ɓoye kuwa sai gab da magariba yake zuwa, yana waige-waige. Ba ya tambayar sauti, tambayarsa ita ce, "Wacce ce ba ta da ƙara?" Daga nan ya roƙi buhu, don jakar jita ba ta iya rufa asiri, ko makaho ya shafa ya san me ke ciki. Tsoronsa kada labari ya kai gida a ce ɗan gidan malamai ya koma roƙo. Abin dariyar, a motar mahaifin nasa Ɗan Maraya Jos ake saurare tun daga Kano har Zariya, mutumin da ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal. A bakin wani waƙa hikima ce, a hannun ɗanka kuwa abin kunya. Shi dai Na Ɓoye a ɗakin abokinsa yake ajiye ta, yana ziyartarta kamar mai zuwa zance.

A duk zamana a bencin nan, mutum ɗaya na gani ta yi abin yadda ya kamata, wata ɗaliba da ta zo da yayanta. Ta ce, "Yaya, bari in zauna tukuna." Aka ba ta kujera. Ta ɗora Yamaha C40 mai roba a cinya, ta danna, ta ce wuyan ya yi wa hannunta faɗi. Aka ba ta F310 mai waya, ta danna kowace tsirkiya a sama da tsakiya da ƙasa tana sauraron ko akwai mai zizar banza. Ta ɗaga ta saitin ido ta leƙa wuyan daga kai zuwa gindi, yadda kafinta ke duba katako, ta murɗa kunnuwan shida ɗaya bayan ɗaya ta ga ba mai santsi. Sannan ta tambayi mai shago ko zai ɗan rage mata tsayin tsirkiyoyin, ya kuma ƙara mata saiti guda na ajiya da jaka. Ta taya, aka yi albarka sau biyu, aka sallama. Duka-duka bai kai minti arba'in ba. Bayan wata uku ta dawo sayen tsirkiya, na ga kan yatsunta huɗu sun yi kanta.

Kada mai karatu ya ce na zauna ina yi da mutane. Ni jikan Malam Araha ne ta wajen uwa, ta wajen uba kuma Farfesa kawuna ne. Tawa tana saman kwaba shekara shida ke nan, saura tsirkiya huɗu, kuma zanzaro ya yi gini a cikinta. Wanda yake so ya same ni a benci ranar Asabar bayan la'asar, ba zan tsawwala ba.