Bawana Bazazzage, Katako Kuka Ba Malam?

Bawana Bazazzage, ni dai na iso Kano lafiya daga taronku, na sha ruwan garinmu, hankalina ya dawo jikina. Na ce bari in rubuto maka tun kafin ka riga ni, don na san halinku. Bazazzage ko shi ya ci bashi, shi ke fara kai ƙara, kuma da Turanci.

Ka gayyace ni bikin cikarku shekara 30 da gama sakandare, ka ce in zo in ga yadda 'yan birnin ilimi ke girmama malamansu. Na kulle shagona a Kantin Kwari ranar Asabar guda, na kama hanyar Zariya. Bakano ya bar ciniki don ya je kallon taro, ai ka san ba ƙaramin alheri ubangida ya yi wa bawansa ba.

Tun a bakin ƙofa ka tare ni da lissafin shugabannin ƙasa 5 da Kwalejin Barewa ta yaye: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da 'Yar'aduwa. Kana faɗa kana gyara hula, sai ka ce benci ɗaya kuka zauna da su. Kai da iyakarka da Barewa ka wuce ta bakin ƙofarta a kan keke, za ka taku makarantar, wadda ba zan kira sunanta ba saboda rufin asiri. Ita Barewar ma ai riƙo aka ba ku. A Katsina aka haife ta a 1921, aka kai ta Kaduna a 1938, sai a 1949 ta tare a Zariya, sunan Barewa kuwa sai 1971 aka raɗa mata shi. Cikin biyar ɗin nan Gowon kaɗai za ka iya raɓa, don a Wusasa ya tashi. Murtala namu ne, sai da ya bi ta Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, kafin muka ba ku aronsa.

Akwai abin da ka tsallake a lissafin naka. Don horar da malamai aka kafa kwalejin nan tun asali. Tafawa Ɓalewa alli ya riƙe a Midil ta Bauchi har ya shugabance ta. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, haka ma Shagari. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, kafin ku jawo shi Zariya. Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, kuma har gobe Malam muke ce masa, ko a jikin filin jirginmu haka aka rubuta. A zamaninsu malamin makaranta shi ne fitilar gari. To, bari mu ga yadda kuka yi da taku fitilar.

Zauren taro dai ya yi kyau, ba ƙarya. Kun yi anko na shadda mai maiƙo, kun yanka sa, an jera lemo har ya yi wa tebur yawa. Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce a tashi tsaye, uwargidan shugaban taro ya iso. Na waiga ina neman namijin da ake kira uwargida, sai na tuna a Zazzau nake, inda mace da namiji duk "ya zo" ne. A kan manyan kujeru kuwa ku ne: wanda ya zama darakta, wanda ya zama kwamishina, da kai da ka zama abokin kwamishina.

Can na hango wani dattijo a layi na uku, an matse shi tsakanin mai ɗaukar hoto da kwalin ruwa. Hularsa ta koɗe, amma an wanke ta fes. Ƙafar tabaronsa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Na tambayi na kusa da ni, ya ce ai shi ne malaminku na lissafi, wanda aka yi taron domin shi.

Aka shiga jawabai. Mutum 9 na ƙirga, kowa da takardarsa, kowa na ɓarin Turancin da ko a Ingila sai an nemi ƙamus. Kai ka fi kowa daɗewa. Ka kira shi uba, ka kira shi ginshiƙi, har ka zare hankici ka share ido. Daga nan aka kira Malam, ya taso a hankali yana dafa kujeru, kuka miƙa masa lambar yabo: katako ne mai sheƙi, an manna masa gilashi, sunayen 'yan kwamiti sun fi nasa girma a jiki. Ina kallonsa ya karɓa da hannu biyu, ya juya bayan katakon, ya sake juyowa, ya yi murmushi. Mu 'yan kasuwa mun san wannan juyin. Haka mutum ke yi in yana duba ko an maƙala ambulan.

Ba a maƙala ba. Haba Bazazzage! Hoton Tafawa Ɓalewa ne a jikin naira 5, na Alvan Ikoku a naira 10, na Sardauna a naira 200, duk malaman makaranta. Ko don ya gaisa da abokan aikinsa ai kwa sa masa 'yan hotunan nan a aljihu.

Da aka tashi, kowa ya ruga ɗaukar hoto da kwamishina. Ina fitowa da motata na tarar da Malam a bakin titi, katakonsa a hammata, yana tsayar da mai Keke, manyan motocinku na wuce shi ana yi masa hon na girmamawa. Na ce ya shigo. Bakanon da kuke ce wa marowaci, shi ya kai malamin Zazzagawa gida.

A hanya ne na sha labari. Mutumin nan bai manta kowa ba. Ya san wanda ke zama kusa da taga, ya san wanda ke ɓoye ƙanzon tuwo a akwati, ya san wanda ya yi ƙaryar zazzaɓi duk ranar gwaji. Da na ambace ka sai da ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ka yi shekara guda kana rubuta amsa daidai ba tare da aiki ko layi ɗaya ba, sai da ya canza wa maƙwabcinka benci, ilimin naka ya bi shi. Ya ce daga nan ya riƙa tsare ka bayan an tashi, kullum lissafi 10, har kanka ya buɗe.

Sai kuma ya faɗi abin da ba ka taɓa gaya mini ba. Shekarar da za ku rubuta WAEC mahaifinka na kwance, aka kusa rufe rajista babu sunanka. Daga albashinsa ya cire ya biya, ya ce wa mahaifiyarka makaranta ce ta yafe. Bai faɗa da gori ba, ya ma roƙe ni kada in tayar da zancen. Na ce masa ya yi haƙuri, tsakanina da Bazazzage babu wannan alkawarin.

Na tambaye shi lafiyar jiki. Ya ce alhamdu lillahi, sai dai idon da ke son aiki, da zirga-zirgar tantance 'yan fansho da ba ta ƙarewa. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ta same shi a gida, ya daɗe da ajiye alli. Ko kalma ɗaya bai faɗa a kanku ba sai addu'a. Ya ce ya ji daɗi da kuka tuna da shi, zai rataye katakon a zaure. Ka ji mutanen kirki. Shi ya sa kuke samun yadda kuke so.

Na san me za ka ce: Bakano komai sai ya mai da shi kuɗi. Na yarda. Mu godiyarmu da buhu ake auna ta, a ɗauko daga Dawanau a sauke a ƙofar gida. Kowace 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, ina ganin hotonsa a WhatsApp ɗinka da dogon rubutu a ƙasa. Wayar Malam 'yar ƙarama ce mai tocila, bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Yabon da mai shi bai ji ba, ai kanka ka yaba.

Kada ka ce na fi ka, don wanzami ba ya son jarfa, amma yau zan tsaga kaina. Ni ma ina da malamin da ya koya mini riƙe alƙalami, shi ya fara karanta insha'ina a gaban aji ya ce yaron nan zai yi rubutu. Shekara da shekaru ina cewa sai kasuwa ta yi kyau in je masa da abin kirki. Ranar da na je da buhun shinkafar, tabarmin zaman makoki na tarar a ƙofar gidansa. 'Ya'yansa suka karɓa suka yi godiya. Har yau in na tuna, abinci ba ya yi mini daɗi. Naka yana nan da ransa, kuma tsakanin gidanka da nasa ko kuɗin acaɓa bai kai na hular da ka sa a taron ba.

Saboda haka ga hukuncin ubangidanka. Kuɗin sharar da ka saba kawo mini duk watan Cika-ciki, bana na yafe, amma ba aljihunka zai koma ba. Ka haɗa da na WAEC ɗin nan a farashin yau, ka tara 'yan ajinku, ku kai Malam asibiti a duba idonsa, ku sa mutum ɗaya ya riƙa bin masa takardun fansho, ku yanka masa wani abu duk wata. Ka je da kanka, ba aike ba, ka tuɓe takalmi a zaure, ka durƙusa ka gaishe shi da Hausa, ko da irin taku ce.

In ka yi haka, na 'yanta ka na shekara guda. In kuwa ka tsaya yi mini Turanci, mako mai zuwa zan buga makin da ka ci a lissafi a aji uku, don Malam ya faɗa mini, kuma bai kai yawan yatsun hannunka ɗaya ba.

Mai karatu, kai ma kada ka yi wa Bazazzage dariya da yawa. In malaminka na raye, Juma'ar nan ka je ka gaishe shi.