Babur Ba Ya Tsallake Dutse

Mutumin Bunkure ya fi kowa dacewa da ya fahimci tafiyar da ba a komowa ta inda aka fito, domin kullum yana ganin irinta a gefen gonarsa. Ruwan da yake shayar da shinkafarmu da tumatirinmu daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ya gangaro ta Ruwan Kanya, ya bi babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ya shiga gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Babu injin da yake tura shi, gangare ne kawai. Tun ranar da aka buɗe kanal ɗin kuwa ba a taɓa ganin ɗigo ɗaya ya juya ya koma Tiga ba. Dalilin a fili yake: ruwa bai bar babur ɗinsa a can ba.

Kai kuwa ka bar naka, kuma a kan haka nake so mu yi magana.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa ma aka zaɓe ta don noman rani. Wanda yake son hawan dutse sai ya yi kudu, wajen duwatsun Rano da Rurum, ko ya nausa har Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ko kuma ya shiga birni ya hau Dala da Goron Dutse. Samari suna yi, kuma ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari. Ƙirji yana buɗewa, ido yana ganin ikon Allah. Sai dai hawan dutse iri biyu ne. Akwai wanda za ka hau ka sauko ta inda ka hau, wannan ba ya buƙatar bayani. Akwai kuma na tsallakewa, inda za ka hau ta wannan ɓari da safe ka sauka ta wancan da yamma, a wani ƙauye dabam, a kan wata hanya dabam. Shi ya fi daɗi, don ba ka taka wuri ɗaya sau biyu. Shi ne kuma yake sa mutane kwana a masallatan ƙauyukan da ba su san kowa ba.

Ƙa'idar farko, wadda duk sauran suke rataye a jikinta, ita ce: abin hawa yana nan a inda ka ajiye shi. Idan ka jingine babur a gindin dutse ta arewa da ƙarfe bakwai na safe, ka sauka ta kudu da la'asar, babur ɗin yana arewa. Ba ya jin kewarka, ba ya zagayowa, ko da kuwa sabo ne. Kowa yana cewa ya san wannan. Amma duk Juma'a za ka ga dattijo mai cikakken hankali ya shiga masallaci ta ƙofar kudu, an sallame, ya fito ta ƙofar arewa, ya tsaya yana duban ƙasa yana jiran takalminsa. Alhazanmu ma sun san yadda ƙofofin Harami suke raba mutum da silifas ɗinsa. Tsakanin takalmi da babur bambancin nisan zagaye ne kawai. Na masallaci taku hamsin ne. Na dutse kan iya zama tafiyar awa guda a mota, domin titi ba ya bin inda ƙafa ta bi, kewaye dutsen yake yi.

Dabarar da ta fi saurin zuwa wa mutane ita ce ta abin hawa biyu, to bari mu bi ta a hankali, don a nan ake yawan tuntuɓe. Kun taso daga Bunkure da motoci biyu. Ku fara sauke jama'a da kaya a inda za a soma hawa. Direbobi biyu su wuce da motocin biyu zuwa inda za a sauka, su ajiye ɗaya a can, su dawo tare a cikin ɗayar. Sannan a soma hawa. Da yamma, in an sauka, kowa ya shiga motar da aka ajiye, a koma mafari a ɗauko 'yar'uwarta. Ka lissafa da kyau: hanyar da ke tsakanin wuraren biyu an bi ta sau uku ke nan, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu wanda yake bin hanya sau uku bai ji a aljihunsa ba. Ka kuma lura cewa da yamma mota ɗaya ce za ta kwashe ku duka. In ku goma ne, motar kuma ta mutum biyar ce, to biyar za su zauna a gindin bishiya su jira sahu na biyu, hanyar ta zama sau biyar. In babura ne abin ya fi tsanani. Na san a yankinmu ana ɗora mutum huɗu a babur ɗaya, har da buhun taki a kan tanki, amma mutum huɗu da suka yini a kan dutse ƙafafunsu na rawa, a hanyar burji, gab da magariba, wannan neman asibiti ne, kuma ban yarda da shi ba.

Sai maganar makulli. Direban da ya ajiye mota a inda za a sauka, da zarar ya kulle ta ya shiga ta abokinsa, abin da hannunsa ya saba yi shi ne ya ajiye makullin a gaban mota, kusa da gilashi, ko a aljihun ƙofa. Sai a iso mafari, a kulle wannan motar ma, a kama hawa. Yanzu mota tana kudu, makullinta yana arewa, a cikin wata motar da aka kulle. Na taɓa tarar da samari shida a wannan hali, zaune a inuwar motarsu, sun jingina da tayoyinta. Ga mota lafiya lau, ga mai a tanki, ga direba. Suna leƙa ta ta gilashi suna ganin ledar burodin da suka bari a kujerar baya. Ban ga abin dariya ba, domin ɗaya daga cikinsu ƙafarsa ta kumbura, kuma rana ta kusa faɗuwa. Maganin wannan kyauta ne: kafin a taka dutse, direba ya fito da makullin ya ɗaga shi sama, kowa ya gani da idonsa, sannan a ɗaure shi da igiya a cikin jaka. Kada a karɓi "yana wurina". A ce, "Malam, fito da shi mu gani."

Akwai wata dabara da ta fi wannan arha, wato musayar makulli. Ku rabu gida biyu, wasu su hau ta arewa, wasu ta kudu, ku haɗu a tsakiya ku yi musaya, kowa ya sauka ya tarar da abin hawan ɗan'uwansa. A takarda ba ta da aibu. A kan dutse tana da biyu. Na farko, dutse ba titi ba ne; wani zai bi ta dama da wani ƙaton falali, wani ta hagu, ku saɓa ba ku ga juna ba. Na biyu ya fi shafarmu mu Hausawa. In an haɗu sai a gaisa: ina gajiya, ya hanya, ya sanyi, ya kuka baro mutan gida, shinkafa ta fara fitar da kai? A zauna a ci gurasa, a sha rake, a yi sallar azahar tare, a ɗauki hoto, a yi sallama da addu'ar Allah ya sauke mu lafiya, kowa ya kama gabansa da makullinsa a aljihu. Saboda haka tsarin shi ne makulli kafin gaisuwa. Na san wannan ya saɓa wa tarbiyyarmu, amma lalura ce. Kuma wanda zai karɓi babur ɗin wani, a koya masa halinsa tun a gida, don akwai babur ɗin da ba ya tashi sai an karkata shi hagu an murɗa mai sau biyu, kuma mai shi kaɗai ya san haka.

Kada wani ya zaci wannan matsalar ta mutanen karkara ce. A Niyu Zilan akwai hanyar tsallake duwatsun Tongariro, kimanin kilomita 20, wadda ake farawa a wuri ɗaya a ƙare a wani. Tafiyar takan ci awa shida zuwa takwas, amma a lokacin cunkoso hukuma ba ta barin mota ta wuce awa huɗu a wurin ajiye motoci na mafari, don haka dole ka nemi bas da zai kai ka. A tsibirin Kirit na ƙasar Girka kuwa, masu gangara kwazazzabon Samariya, kimanin kilomita 16, suna ƙarewa a wani ƙauyen bakin teku da titin mota bai isa ba. Jirgin ruwa ne yake kwashe su, wanda ya makara kuma ya nemi ɗakin kwana. Su ma motocinsu ba sa biyo su.

Ni abin da na fi aminta da shi, bayan duk wannan, shi ne a juya tafiyar. Wurin da ya fi wuyar samun abin hawa, a je shi da sassafe, lokacin da kake da ƙarfi, wayarka da caji, 'yan acaba sun fito. Ka ajiye naka abin hawan a inda za ka sauka, a hannun wanda ka sani, ka ɗauki shatar ɗan acaba ya kai ka mafari, ka sallame shi, sannan ka yi ta takowa zuwa ga babur ɗinka. Ta haka jira ya ƙare tun da safe, da yamma babu wanda kake dogara da shi sai Allah da ƙafafunka. In kuwa ba ka zo da abin hawa ba, ka tsara saukarka ta faɗo bakin titi mai motoci, irin hanyar Karfi zuwa Rano ko babban titin Zariya, kuma tun da sauran rana. Kada ka sa rai da motocin tumatir. A lokacin kaka suna wucewa zuwa Kwanar Gafan cike da kwanduna har sama, kuma direban da yake tsere da rana kada kayansa su ruɓe ba zai tsaya wa mai jaka a baya ba. A birni kuma ka tuna tun Janairun 2013 aka hana acaba. Wanda ya hau Dala ya ƙare a Goron Dutse, adaidaita sahu zai nema.

Idan dole sai wani ya zo ɗaukar ku, to a yi magana ta ƙare tun da safe, ido da ido, domin a bayan dutse sabis yakan ɗauke. A ba shi kuɗin mai, ragowar sai ya zo. A faɗi lokaci da agogo, ban da "bayan la'asar", don bayan la'asar ya kai har gobe. A kuma faɗi wuri da sunansa. "Gindin tsamiya" ba wuri ba ne, tsamiya ta yi yawa a ƙasar Rano. A ce ƙofar gidan mai unguwa, ko bakin makarantar firamare, wurin da ɗaya ne tak a garin. In ka samu sabis ka kira shi ya ce "ga ni nan", ka tambaye shi abin da yake gani a gabansa. In ya ce shagon mai shayi na tashar Bunkure, ka san inda kake.

Lokacin da za ka faɗa masa kuwa ba da ka ake yanke shi ba, lissafa shi ake yi. Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da ma'auni a 1892 wanda har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa. Kai ka ƙara lokacin salla, da cin abinci, da hutu, da ɓatan hanya, ka kuma auna da mafi rauni a cikinku, don tafiyar jama'a da ƙafarsa ake yin ta. A watan Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, saboda haka ka so a ce ƙarfe huɗu ta same ka a ƙasa. Hunturu ne lokacin wannan tafiya. A bazara zafi yakan haura digiri 40, dutse kuma yana riƙe shi kamar tanda. Da damina falali yana santsi.

Abin da mai tsallakewa zai buƙata duk a bayansa yake, tun da ba zai koma mota ya ɗauko ba. Ruwa aƙalla lita uku ga kowa, wato ledar fiya wata shida, ban da na alwala. Jaka guda mai leda 20 kilo 10 ce, don haka a raba ta tun a ƙasa, kada a ɗora wa ƙaramin cikinku. Kuɗi a hannu, da canji. Tocila, ko da kuna da niyyar sauka da rana. Takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas.

Kafin komai kuma ku tsaya ku gaida dagaci ko mai unguwar garin da za ku hau, ku ce, "Ranka ya daɗe, ta nan za mu hau, ta wuri kaza za mu sauka." Ku roƙe shi ya haɗa ku da maharbi ko makiyayin da ya san dutsen, ku biya shi haƙƙinsa, har da kuɗin motar da zai koma gida, domin shi ma tafiyar tsallakewa ya yi tare da ku. In suka ce kada a bi wani waje, musamman can wajen dajin Falgore, to kada a bi. A gida ma a bar wa wani sunan garuruwan biyu da lokacin da ya kamata ya ji muryarku.

Ɗan'uwa, ranar da ka tsaya a gindin dutsen ka ɗaga kai kana bismilla, dakata tukuna. Sa hannu a jaka ka taɓa makullin.