Miliyan Biyu a Hannu Ko Digiri a Bango? Ku Matso Mu Yi Ta

Na san kun riga kun taɓe baki. Wani ma har ya ce, "Yau kuma besbol aka kawo mana? Wasan da ko filinsa ba mu taɓa gani ba?" Ku kwantar da hankalinku, ba wanda zai sa ku riƙe sanda. Ku da kuke raba dare kuna musu a kan kulob ɗin Ingila da ba ku taɓa taka garinsu ba, yau ne Amurka ta yi muku nisa? Zancen kuɗi ne da karatu, kuma har yanzu ba a haifi Bahaushen da ba shi da ra'ayi a kan waɗannan biyun ba.

Tun 1965 babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, take zaɓen sababbin 'yan wasa duk shekara. Yanzu a watan Yuli ake yi, kulob 30 suna ɗauka bi da bi har zagaye 20. Yaron da ya gama sakandare yana ɗan shekara 18, in aka zaɓe shi, sai a taya shi da kuɗin sa hannu. Ko ya sallama, ko ya ce albarka ya tafi jami'a. In kuwa ya shiga jami'a mai shekara huɗu, ƙofa ta rufe ke nan, ba mai sake zaɓensa sai ya yi shekara uku a can ko ya cika 21.

Malam mai kare boko, na ga ka gyara zama. Na san abin da ke bakinka: ilimi gishirin zaman duniya, yaro ya fara karatu tukuna. Bari ma in taya ka da hujja, tunda na lura ba ka zo da ko ɗaya ba. A 2008 kulob ɗin Yankees na New York ya zaɓi Gerrit Cole a matsayi na 28. Yaron ya ce albarka, ya tafi jami'ar UCLA a Kalifoniya. A 2011 Pirates suka ɗauke shi na ɗaya a duk ƙasar, suka dire masa dala miliyan 8. A ƙarshen 2019 Yankees ɗin da ya juya wa baya suka dawo da ƙoƙon bara, suka ba shi kwantiragin dala miliyan 324 na shekara tara. Ga kuma Aaron Judge, wanda sai a zagaye na 31 Oakland suka tuna da shi a 2010. Ya wuce jami'ar Fresno State abinsa, a 2013 ya fito cikin na gaba-gaba.

Tafa mana, Malam. To, dakata haka nan, don ban gama ba. Ka taɓa jin sunan Karsten Whitson? Ba ka taɓa ji ba, kuma rashin jin naka shi ne labarin. A 2010 Padres suka zaɓe shi na tara, suka taya shi dala miliyan 2.1. Ya bi shawararka, ya tafi Jami'ar Florida. Kafaɗa ta samu matsala, aka yi masa tiyata, ya rasa kakar 2013 ɗungurungum. A 2014 sai a zagaye na 11 aka ɗauke shi, a kan dala 100,000, kuma bai taɓa taka filin babbar gasa ba. Ragowar miliyan biyun, Malam, kai za ka cika masa?

Sannan wannan karatun da kake ta kururutawa, zo mu leƙa cikinsa. Har zuwa 2025, doka ta ƙayyade wa kowace babbar jami'a guraben tallafin karatu 11.7 kacal na besbol, a raba wa 'yan wasa wajen 30. A lokacin yawancin yaran ɓarin tallafi suke samu, iyaye su cika sauran. Gwanayen cikinsu kuma da zarar shekara ta uku ta cika, suka ji an kira sunansu, sai su tattara littattafai su yi gaba ba digirin. Kai kana murna ya je neman ilimi, shi kuwa ya je jiran farashi ya tashi ne.

Alhaji ɗan kasuwa, dariyar me kake yi? Kai ma layinka ya zo. Na ji ka tun ɗazu kana cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kana da mutanenka, ban musa ba. Derek Jeter ya bar gurbin Jami'ar Michigan a 1992 ya karɓi dala 800,000, ga shi ya zama abin da ya zama. Mike Trout ya sa hannu daga sakandare a 2009, a 2011 yana ɗan shekara 19 ya shiga babbar gasa. Akwai ma wata riba da ba ka lissafa ba: sai ɗan wasa ya cika shekara shida a babbar gasa yake samun 'yancin sayar da kansa ga duk wanda ya fi tayi, don haka wanda ya shiga da wuri yakan isa kasuwa da sauran ƙarfinsa.

Amma Alhaji, kai kana zaton daga sa hannu sai filin Yankees da fitilu? Ina! Ƙananan gasanni ake tura yaro, hawa-hawa, ya yi shekaru yana rarrafe. Motar safa ce ta kwana a hanya daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan. Kafin 2022, lokacin da aka wajabta wa kulob ba da masauki, yara kan cunkushe a gida ɗaya, wasu a kan katifar iska a tsakar ɗaki, abinci burodi da man gyaɗa. A da, albashin ɗan wani mataki na ƙasa-ƙasa wajen dala 11,000 ne a shekara, kuɗin da ko mai wanke kwanuka a gidan abinci a can zai raina. Sai da suka kafa ƙungiya suka yi yarjejeniya a 2023 ya koma 26,200, na matakin ƙoli kuma 35,800. Mafi yawan waɗanda ake zaɓa kuwa ba sa taɓa kaiwa babbar gasa. Yaron da aka ɗauka can ƙasa-ƙasa aka ba shi dala 150,000, a cire haraji, a cire kason wakili, ya ci shekara huɗu a kai, ranar da aka sallame shi yana ɗan 22 me ya rage masa? Kai da kake ƙirga ribar kwabo, yi mana lissafin.

Ga wanda ya kamata ku duka biyun ku saurara wa. Billy Beane ya bar gurbin Jami'ar Stanford a 1980 ya karɓi dala 125,000 daga kulob ɗin Mets. Wasan bai karɓe shi ba. Da ya zama manajan Oakland, sai ya fi karkata ga ɗaukar 'yan jami'a, don su an ga wasansu shekara uku an auna, yaron sakandare kuwa hasashe ne. Labarin yana cikin littafin Moneyball na 2003. Wanda ya bi hanyar Alhaji da ƙafarsa, da ya hau kujerar mai saye sai ya koma shagon Malam.

Zamani ma ya ɗan karkata wajen Malam. A 2021 an rage ƙananan kulob daga 160 zuwa 120, wuraren rainon yara suka ragu. A shekarar ce kuma aka halatta wa ɗan wasan jami'a ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Paul Skenes ya fito daga jami'ar LSU a Yulin 2023 da dala miliyan 9.2, kafin shekara ta zagayo yana jifa a babbar gasa.

Sai dai kada Malam ya yi saurin hura hanci. Kuɗin sa hannu ba ladan aiki ba ne, sayar da kasada ce. Mai jefa ƙwallo jarinsa duka jijiya ɗaya ce a gwiwar hannu, in ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, sai jinyar fiye da shekara. Kafaɗa ma haka take: Brien Taylor ya karɓi dala miliyan 1.55 a 1991, ya lalata kafaɗarsa a wani faɗa a 1993, bai kai babbar gasa ba. Shi da Whitson duk kafaɗa ce ta kayar da su, amma ɗaya ya faɗi bayan an biya shi, asarar ta hau kan kulob, ɗayan kuma shi ya ɗauki tasa. Ga shi kuma yaro zai iya sa kulob ya rubuta masa kuɗin karatun jami'a cikin kwantiragi, ya je daga baya. Jami'a tana karɓar ɗan shekara 28, amma ba kulob ɗin da ke taya ɗan 28 miliyan biyu don yana da alamar gwaninta.

Don haka ga hukuncina, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi. In tayin ya kai miliyoyi, musamman in yaron majefi ne, ya sallama, ya sa a rubuta masa karatu cikin takarda, ya adana kuɗin. In kuwa 'yan dubbai ne da ba za su wuce shekara uku ba, ya ce albarka, ya tafi jami'a, kuma ya shiga aji da gaske. Malam, ba kowane tayi ake ƙi don boko ba. Alhaji, ba kowane ƙwai ne ya isa a bar kaza dominsa ba. Ku kuma masu cewa ina ruwanmu, ranar da wani ya zo da takarda yana neman ɗanku mai taka leda, ku fara tambayarsa nawa ne, na shekara nawa, kuma wa zai biya kuɗin makaranta in ƙafa ta karye.